Ba Zan Aiko Maka Hoton Kushewar Inna Ba

Zuwa ga ƙanena Ilyasu, wanda yanzu ake kira Fasto Iliya, a ƙauyen da yake aikin bishara cikin ƙasar Japan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaranku biyu da ban taɓa goyawa ba. Mu nan Madarumfa lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama yankan gero, ruwan tabki ya fara ja da baya, muna gyaran fangali don dashen salati da tumatir. Yaya Mamman yana nan. Bai ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba.

Saƙonka ya iso. Kafin ya iso gare ni, ya riga ya iso ga duniya, tunda sai da ka rubuta shi da Faransanci a shafinka na intanet, masu yi maka addu'a suka karanta suka jiƙa shi da hawaye, sannan bayan kwana biyu ka tuna kana da yaya mai waya a hannu. To, inda ka shanya naka nan zan shanya nawa. Da Hausa kuma zan rubuta, don ba da Faransanci Inna ta yi naƙudarka ba.

Ga abin da ka nema, don masu karatu su san kan zancen. Ka ce in sa Yaya Mamman ya samo magini, a kewaye kushewar mahaifiyarmu da siminti, a kafa allo a rubuta sunanta, in ɗauki hoto in aiko maka. Ka ce abin na gaggawa ne, domin akwai rai guda da ke rataye a kansa.

Na karanta labarin wannan ran sau uku. Wani tsoho ne manomin shinkafa, matarsa ta mutu, 'ya'yansa sun tafi birni kamar yadda 'ya'yan kowa suka tafi a ƙauyen. Shekara huɗu kana zuwa gidansa, kana taya shi aikin gona, kana kwashe masa ƙanƙara daga bakin ƙofa lokacin sanyi, kuna shan shayi. Ka ce ya kusa karɓar addininka. Ka ce abin da ya riƙe shi ɗaya ne: dutsen kabarin matarsa da na iyayensa da ke gefen gona, wanda yake wankewa da ruwa yana ajiye furanni, da ɗan akwatin da ke ɗakinsa mai sunayen matattunsa. Yana tsoron in ya bi ka, ya yashe su ke nan. Kai kuma ka ce masa addininka bai hana girmama iyaye ba, har umarni ne a cikinsa. Sai ya ce ka nuna masa kabarin mahaifiyarka.

Ba ka da abin nunawa. Ya tambayi wa ke kula da shi. Ya tambaya ko kana wurin ranar da aka sa ta. Tun daga ranar, in ka je yana gaishe ka da ladabi daga bakin ƙofa, amma bai sake ɗora tukunyar shayi ba.

Ilyasu, wannan tsohon ya burge ni. Ban san sunansa ba, ban san abin da yake bauta wa ba, amma a zama ɗaya ya yi maka tambayoyin da ni na shekara uku ina hadiyewa.

Kada masu addu'arka su ce ga Musulma ta taso wa ɗan'uwanta don ya bar addinin gidansu. Wannan rigima ta tsufa, ta riga ta mutu, kuma ba ni na yi ta ba. Ranar da ka dawo hutu daga lakwal, makarantar boko ta Maradi, ka faɗi cewa ka zama Kirista, Baba ya ce kada a sake zuba maka tuwo a gidansa. Ina tsaye a bakin madafa Inna ta amsa masa, ba ta ko ɗaga murya ba: "Malam, kai kas san littahi, ni nas san naƙuda." Ta ɗauki akushinka ta zuba. Ni na kai maka shi zaure, watanni ina kaiwa, mutanen unguwa suna kallona kamar mai kai wa kura abinci. Lokacin da ka tafi karatun fastoci a Nijeriya, ni na daka maka ƙuli-ƙuli da yaji na guzuri. Don haka kada wani ya koya mini haƙuri da Kirista. A bayana na goya shi tun yana majina.

Abin da ke tsakanina da kai wata huɗu ne. Wata huɗun da Inna ta yi a kwance.

Ciwon ya fara ne da shigowar damina, ƙafafunta suka kumbura har zoben azurfar da ke yatsan ƙafarta sai da maƙeri ya yanke shi. Muka kai ta gidan likita nan, suka tura mu Maradi, Maradi suka duba suka ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Ranar na kira ka. Ka ce takardun zamanka suna hannun hukuma ana sabuntawa, in ka fita ba lalle ka samu komawa ba. Na ce to. Na san sha'anin takarda, ban ga laifinka ba.

Wata na biyu takardu suka fito. Na kira ka. Ka ce akwai wata tsohuwa da za a yi wa baftisma, ita ce ta farko a duk shekarun da ka yi can, ba za ka iya barin ta a bakin ruwa ba. Na ce to.

Wata na uku Inna ta daina tashi. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke tauna mata goro in sa mata a baki don ta ji ɗanɗano. Bayanta ya fara sulluɓewa saboda kwanciya, ina shafa mata man kaɗe tana cije leɓe don kada in ji. Na kira ka. Ka ce kakar shinkafa ta zo, tsofaffin ƙauyen ba su da mai taya su, kuma wannan taimakon shi ne ƙofar da kake shiga zukatansu. Ka ce da an gama girbi kana hanya. Ban ce to ba. Kashe wayar na yi.

Wata na huɗu ba ni na kira ba, Yaya Mamman ne, kuma ka san abin da ya faɗa maka: in ba ka taso ba, ba za ka same ta da rai ba.

Na ga hoton da ka sa a shafinka a wancan makon. Kana tsaye cikin gona da takalmin roba har gwiwa, ka rungumo damin shinkafa, wata tsohuwa ƙarama tana dariya a gefenka. Ka yi kyau, ka yi ƙiba. Na daɗe ina kallon hannunka na dama da ka dafa kafaɗarta da shi.

Yanzu bari in tuna maka yadda muke binne mutum, tunda ka manta. Abin mamaki ne ka manta, don ranar da aka kai Baba kana nan. Ba ka shiga sahun salla ba, amma kai ka yi ta jigilar ruwa a garwa ana kwaɓa ƙasa, har kafaɗarka ta ɗaye.

Inna ta cika da hantsi ranar Talata. Ni da Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, muka yi mata wanka a bayan ɗakinta, da ruwan ɗumi da ganyen magarya. Muka sa ta a likkafani, farin ƙyalle wanda ita da kanta ta saya ta ajiye a ƙasan adakarta tun tana da ƙarfi. Maza suka ɗauke ta a makara kafin azahar. Ni iyakata bakin zaure, kamar kowace mace. Suka sa ta, suka jera itace da fasassun tukwane, suka rufe da ƙasa, suka yayyafa ruwa, suka ɗora ƙaya saboda dabbobi. Yaya Mamman ya kafa guntun kasko wajen kanta. Kafin la'asar sun dawo suna wanke ƙafafu.

Shi ke nan. Babu allo, babu suna, babu siminti. Haka aka yi wa Baba, haka aka yi wa kakanninka, haka za a yi mini. Tudun ƙasa ne, damina ta zo ta kwantar da shi, ta sake zuwa ta shafe, wata rana a sa wani kusa. Ba sakaci ba ne, haka muka ga ya dace, mai gida da bara su kwanta babu mai gane wani. Ka san wannan kamar yadda ka san sunanka na yanka. Amma ka je koya wa mutane addini, sun koya maka wankin dutse, ka juyo kana tambayarmu ina namu dutsen.

Kuma ka dubi abin da ka nema da kyau. Ba ka ce kana son ka ga inda take don zuciyarka ta huta ba. Da haka ka ce, da na yi kuka na nemi hanya. Cewa ka yi a gina, a rubuta, a ɗauka, don ka kai wa tsoho shaida. Matar da ba ka zo ka riƙe wa ƙwarya ta sha ruwa ba, ita kake so ta tashi aiki a gonarka tana kwance. Wane irin ƙarfin hali ne wannan, Ilyasu?

Duk da haka na kai saƙonka, don ba a riƙe saƙo. Na samu Yaya Mamman a gindin rumbu yana ɗaurin dami. Na karanta masa, ina fassarawa. Bai ɗago ba har na gama. Ya ja igiya ya ɗaure, ya ɗauki wani damin. Na yi zaton magana ta mutu.

A wurina ne ba ta mutu ba, kuma wannan na fi jin haushinka a kansa. Shekara uku ban taɓa tambayar inda Inna take ba. Na san tana maƙabarta, na san tana hannun Allah, in na yi salla in roƙa mata gafara, ranar Juma'a in yi mata sadakar waina. Ya ishe ni. Sai ga saƙonka ya shiga kaina kamar ƙwaro a kunne. Ina ban-ruwa ina tunani, ina daka ina tunani. Wani tsoho a bayan duniya ya san inda matarsa take har yana gaishe ta da safe, ni kuwa uwata tana nan tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba, ban san gefen da take ba.

Ranar Alhamis da ta wuce na roƙi Yaya Mamman ya raka ni. Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai ya sa takalmi. Muka tafi da safe bayan an kora shanu. Na tsaya daga wajen shinge, shi ya shiga.

Ina kallonsa ya nufi wajen wani gawo kai tsaye, tafiyar wanda ya san inda za shi. Ya tsaya, ya ɗaga hannu zai nuna mini. Hannun ya tsaya a sama. Ya juya ya dubi gawon, ya dubi wata aduwa da ke gabas da shi, ya ƙirga taku, ya dawo, ya sake ƙirgawa daga wani gefen. Ka san ruwan da aka yi daminar bara waccan, wanda ya ci gonakin bakin tabki. Ya bi ta nan ma. Wurin ya zama shimfiɗa ɗaya, ciyawa ta rufe, an kuma sa mutane da yawa tun bayan Inna. Guntayen kasko kuwa ga su nan birjik, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Ya fi rabin awa yana kai da kawowa. Da ya fito bai dube ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tsakanin gawon nan da aduwa ta ke. Iyakar abin da na sani ke nan." Muka kamo hanya. Wajen rijiyar makiyaya ya tsuguna kamar zai gyara takalmi, ya daɗe bai tashi ba. Mutumin da bai yi hawaye ranar da ya sa ta a rami da hannunsa ba, ranar nan na ga bayansa yana rawa.

Da ma lafiya lau yake zaune. Ya yi jinya, ya yi sutura, ya sauke abin da ke kansa, yana barcinsa. Yanzu kullum da safe sai ya bi ta maƙabarta kafin ya je gona, hanyar da ba tasa ba. Matarsa ta ce ya rage cin abinci. Kai da ba ka zo ba kana can kana karɓar addu'o'i, shi da ya zo shi ke jin ya yi laifi. Wannan aikinka ne, ka sa shi cikin rahoton da kake aika wa masu tallafa maka.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma an nuna mini ita. Maginin da na yi wa maganar tun farko, kafin mu je, da ya ji yadda aka yi sai ya yi dariya ya ce ai mutanen Japan ba za su zo bincike ba, a zaɓi kowane tudu a kewaye, hoto ba ya magana. Na yi kwana biyu ina juya abin, ba zan ɓoye maka ba, don da na yi da ka ƙyale mu. Sai na tuna kowane tudu a wurin uwar wani ce ko ɗan wani. Ba zan rubuta sunan Inna a kan gawar da ban sani ba. Ba zan kuma taya ka yi wa tsohon nan ƙarya ba, mutumin da ya shekara huɗu yana ba ka shayi da zuciya ɗaya. In da hoton ƙarya za ka shigar da shi addininka, to me ka shigar da shi?

Saboda haka amsata ita ce babu. Ba za a gina ba, ba za a rubuta ba, ba za a ɗauka ba.

Ka koma wurinsa hannu wofi ka faɗa masa gaskiya. Ka ce mutanenmu ba sa kafa dutse, wannan ba abin kunya ba ne, zai fahimta ko kada ya fahimta. Sannan ka faɗa masa ɗayar, wadda ita ce ya tambaya: an kira ka sau huɗu ba ka zo ba. Kada ka laɓe bayan al'adarmu, don rashin dutse daban, rashin zuwa daban, shi ma ya san haka, shi ya sa ya sauke tukunyarsa. In ya sake tambayar wa ke wanke ta, ka ce yayarka ta wanke ta sau ɗaya, ta wanke ta da kyau, har tsakanin yatsu.

Na so in tsaya nan. Na rubuta har nan jiya na ajiye, ina jin daɗin kaina. Amma akwai abin da yake naka a hannuna, na riƙe shi shekara uku da gangan, kuma da na ga Yaya Mamman a tsugune na san ni ma ina da nawa laifin.

Ran da na kashe maka waya, na shiga ɗaki ina zaginka. Na ce ka bar uwarka kana yi wa iyayen wasu bauta. Ina zaton barci take. Sai ta buɗe ido ta ce, "Ƙyale shi, Habsu. Tsohhin can ma ɗiyansu sun watse. Wani ya kama masu." Ta sa na nuna mata hotunanka. Ta daɗe tana kallon tsofaffin nan masu lanƙwasasshen baya, ta ce ashe can ma noma na cin mutum. Ta tambaya ko suna ba ka abinci mai yaji, don ta san ba ka iya cin lami.

Kwana biyu kafin ta cika ta kama hannuna, ta ce in faɗa maka da bakina, kada in ba kowa saƙo: "Na yahe mishi, duniya da lahira. Kak ki bari shi ɗauki kaya."

Ban faɗa maka ba. Ranar da ka kira kana kuka bayan an dawo daga maƙabarta, ka tambaya ko ta bar maka magana, na ce ba ta ce komai ba. Ƙarya na yi. Na so ka ɗauki kayan, na so su yi maka nauyi kamar yadda ita ta yi mini nauyi ina juya ta ni kaɗai. Wataƙila shi ya sa tambayar tsoho ɗaya ta kayar da kai haka. Ga shi na sauke. Ta yafe maka, Auta, tun tana da hankalinta, ba wanda ya roƙe ta. Ni ce ban yafe ba, kuma har yanzu da saura, kada ka ga na yi laushi ka zaci an gama.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta duk inda yake a tsakanin itatuwan nan biyu. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya Mamman. Allah Ya yafe mini amanar da na danne. Tsohon nan kuma Allah Ya ba shi mai kama masa, ko ya bi ka ko bai bi ka ba, ka ce wata mata a Madarumfa tana gaishe shi. Kai kuma Allah Ya tsare ka da iyalinka a ƙasar mutane, Ya nuna maka hanyar gida.

In za ka zo, kada ka zo da magini. Ka zo da ƙafafunka, ka shiga inda ni ba na shiga, ka tsaya kusa da yayanka. Gawon ya tsufa, wani reshensa ya riga ya bushe, masu itace kuma sun fara kallonsa. Ka zo tun akwai abin da za a ƙirga taku daga gare shi.

Ni ce yayarka da ta goya ka,
Habsatu, Madarumfa.